Na naɗi muryar ma'aikaciyar kamfani a ɓoye, yanzu an ce ni ce mai laifi

Anti, barka da aiki. Ina zaune a jihar Maryland ta Amurka, wata takwas ke nan da muka taso daga Houston saboda aikin maigidana. Da za mu tashi na kira kamfanin da ke ba mu intanet na ce su yanke. Wanda ya ɗauka ya ce tunda ba su da layi a unguwar da za mu koma, ba za a ci mu tarar karya yarjejeniya ba. Bayan wata biyu sai ga takardar bashi ta dala 340. Na kira sau huɗu, kowa da abin da yake faɗa mini. A na biyar, daga nan falona, na sa wayata a sifika, na ɗauki ta maigida na naɗi hirar ban faɗa wa kowa ba, kuma matar da ta ɗauka ta amsa da bakinta cewa ta ga wancan alkawari a rubuce a kwamfutarsu. Yayana da ke Texas ya ce in tura musu, in sun ƙi in sa a Facebook su ji kunya. Maƙwabciyata kuma ta ce in rufa wa kaina asiri, a nan laifi ne babba. Amma Anti, duk kiran da na yi sai na'urarsu ta ce ana iya naɗar maganata. Me ya sa su ya halatta musu, ni ya haramta? Kuma yaya zan yi da wannan murya da ke hannuna?

'Yar'uwarki a Maryland

*

Ƙanwata, kafin komai: kada ki tura wannan murya ko'ina. Ba ga kamfanin ba, ba Facebook ba, ba zauren WhatsApp na dangi ba. In har kin riga kin tura wa Yaya, ki kira shi yau ki ce ta tsaya a wayarsa. Maƙwabciyarki ta fi shi gaskiya a wannan magana, duk da shi ma ba ƙarya yake yi ba. Gaskiyar Texas yake faɗa miki, ke kuwa kin bar Texas.

Ni ba lauya ba ce, kuma abin da zan faɗa miki ba ya maye gurbin zama da lauya. Amma dokar nan a rubuce take, ba ta da wuyar fahimta, kuma ta sha cin mutanenmu saboda a gida mun saba da akasin haka. Wayoyin Tecno da Itel da yawa da muka riƙe a Kano ko Maraɗi da maɓallin naɗar kira suke zuwa, wani ma ya saita tasa ta naɗi duk wanda ya kira shi, daga mai gyaran mota har surukarsa. Mutum ya zo Amurka da wannan sabo, ba wanda zai tare shi a filin jirgi ya ce masa ya ajiye.

Ga yadda abin yake. Dokar gwamnatin tarayyar Amurka, wadda aka kafa a 1968 aka faɗaɗa ta a 1986, ta ce in kina cikin masu maganar, ko ɗaya daga cikinsu ya yarda, kina iya naɗa, muddin ba don aikata wani laifi ko cutar da wani kika yi ba. Wato yardar mutum ɗaya ta isa, kuma wannan mutum ɗayan yana iya zama ke da kanki. Yawancin jihohi haka suka bi: Texas, New York, Georgia, Ohio, New Jersey, Minnesota. Sai dai dokar tarayya ƙasan bene ce kawai, kowace jiha tana da ikon ɗora nata a kai. Jihohi goma da 'yan kai sun ɗora, sun ce sai kowa da ke kan layin ya sani ya kuma yarda. Cikinsu akwai Kalifoniya, Florida, Pennsylvania, Massachusetts, Illinois, Washington ta can yamma, da taki, Maryland.

Ta Maryland kuwa ba ta wasa ba ce. Naɗar kiran waya ba da yardar kowa ba babban laifi ne, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5, ko tarar dala 10,000, ko duka biyun. Abin da mutane ba su lura da shi ba, kuma shi ya sa na fara da hana ki turawa, shi ne dokar ba ta tsaya ga naɗa ba. Bayyana abin da aka naɗa ta haramtacciyar hanya, ko amfani da shi, kowanne laifi ne mai zaman kansa. Wanda aka naɗa kuma yana da damar kai ƙara ya nemi diyya, har da kuɗin lauyansa. Sannan abin takaicin: kotun Maryland ba za ta karɓi irin wannan murya a matsayin shaida ba. Kin ga ke nan abin da kike ɗauka makami ne ba ya yankan kamfanin, ke kaɗai yake iya yanka.

In kina tunanin doka ce da ke kwance a takarda kawai, tuna da Linda Tripp. Ita ce ta naɗi hirarrakinta na waya da Monica Lewinsky, matashiyar da ta yi alaƙa a ɓoye da Shugaba Bill Clinton, a 1997, abin da ya kai ga yunƙurin tsige shugaban a majalisa. Daga gidanta da ke garin Columbia na Maryland ta yi naɗin. Masu binciken tarayya sun ba ta kariya saboda suna son kaset ɗin, amma jihar Maryland ta gurfanar da ita a 1999 kan wannan dokar dai. An janye tuhumar a shekarar 2000, bayan ta sha wuyar shari'a. Da a tsallaken kogin Potomac take zaune, a Virginia, da wannan tuhuma ba ta taso ba. Tazarar tuƙin mota ce ta ƙasa da awa ɗaya.

Ba ina tsorata ki ba ne. Ba kasafai mai gabatar da ƙara ke ɓata lokacinsa a kan matar aure da ta naɗi ma'aikaciyar kamfanin intanet ba, kuma muryar da ke kwance a wayar maigidanki ba wanda ya san da ita sai wanda kika gaya wa. Amma ranar da kika aika wa kamfanin, ke da hannunki kin miƙa wa lauyoyinsu shaida a kanki. In kuma takardunki na zama ba su kammala ba, duk abin da ya shafi tuhumar babban laifi ba abin kusanta ba ne, ballantana a kan dala 340. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Yanzu tambayarki da ta fi ƙona miki rai, me ya sa su ya halatta musu. Amsar tana cikin wasiƙarki: sun faɗa miki. Wannan muryar na'ura da kowa ke gundura da ita, wadda ke cewa ana iya naɗar kiran don inganta aiki ko horar da ma'aikata, ba ladabi ba ne ya sa suka saka ta. Ita ce garkuwarsu. Sun sanar da ke, kin ci gaba da riƙe waya a kunne ba ki kashe ba, a idon doka kin yarda. Dokar ba ta ce kamfani ya naɗa kwastoma kada ya naɗa ba. Cewa ta yi kada a yi a ɓoye. Su sun bi ta ƙofa, ke kika haura katanga, alhali ƙofar a buɗe take gare ki ke ma.

Kamfanonin ma ba da son ransu suka koyi wannan ba. A 2006 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke hukunci a kan wani babban kamfanin hada-hadar hannun jari, Salomon Smith Barney, wanda reshensa na Atlanta yake naɗar kiran abokan cinikinsa mazauna Kalifoniya ba tare da sun sani ba. Kamfanin ya ce ai a Georgia muke, kuma a Georgia yardar mutum ɗaya ta isa. Kotu ta ce a'a, tunda wanda ke ɗaya bakin layin yana Kalifoniya, dokar Kalifoniya ce za ta yi aiki daga nan gaba. A can kuwa wanda aka naɗa a ɓoye yana iya neman dala 5,000 a kan kowane kira. Lissafa wannan da dubban kira a rana, za ki gane dalilin da ya sa babu kamfanin da ke da hankali da zai bar wannan sanarwar.

Wannan hukunci yana da darasi ga Yayanki ma. Shi da ke Texas yana ganin yana da 'yancin naɗar kowa. Amma in ya kira kamfani, bai san inda mai ɗauka yake zaune ba. Lambar kyauta ce, tana iya faɗawa Florida yau, gobe Pennsylvania, jibi Manila ta ƙasar Filifin. Ba wanda zai tsaya tambayar ma'aikaci a wace jiha kujerarsa take kafin ya danna maɓalli. Shi ya sa shawarar da ta fi kwanciyar hankali ɗaya ce ga kowa, ko'ina yake: ɗauki dokar da ta fi tsanani, ka sanar. Kada kuma wani ya ba ki dabarar ki tuƙa zuwa Virginia ki yi kiran daga can. Naɗin ba laifi ba ne a wurinsu, gaskiya ne, amma dokarsu ta hana kotu karɓar muryar kiran waya a shari'ar da ba ta laifi ba sai in duk masu maganar sun san ana naɗa, in ban da wasu 'yan keɓaɓɓun yanayi da ba su shafi rigimar bil ba. Kin sha mai, kin dawo hannu rabbana.

Akwai wata hujja da za ki ji a bakin masu wayo, kuma ba ta wofi ba ce. Suna cewa tunda kamfani da kansa ya ce ana iya naɗar kiran, ai kowa a layin ya san maganar ba sirri ba ce, ma'aikaciyar ma ta san ana naɗarta. Wasu har suna kama kalmar "may" da ke cikin sanarwar, wadda a Turanci take ɗaukar ma'ana biyu, "mai yiwuwa" da kuma "an ba da izini", su ce to ai izini aka ba kowa. Lauyoyi suna jayayya a kan wannan, kuma in kin zauna da lauya a kan muryar da kika riga kika naɗa, ita ce hujjar farko da zai duba, don haka ki gaya masa cewa an yi sanarwar a wannan kiran. Amma hujja ce ta kare kai bayan an shiga rami. Ba a gina shiri a kanta. Yardar da ma'aikaciya ta ba uban gidanta ya naɗe ta ba lallai ita ce yarda ga duk wanda ya kira ba. Me zai sa ki jingina da bangon da ake gardama a kansa, alhali jimla ɗaya ta isa ta raba gardamar?

Jimlar ita ce wannan. In za ki sake kira, ki jira har mutum mai rai ya ɗauka, ba na'ura ba. Ki kunna naɗin. Sannan ki ce, da Turancinki, a natse: ina sanar da ke cewa ni ma ina naɗar wannan kira don in ajiye, kin yarda mu ci gaba? Ki yi shiru har ta amsa da baki. Sanarwar da amsar duk su shiga cikin naɗin, don ita ce shaidarki. Jihar Washington ma a dokarta ta rubuta haka ƙarara, cewa sanarwar kanta sai an naɗe ta. In an miƙa ki ga wani, ko manaja ya karɓa, ki maimaita. Sabon mutum, sabuwar yarda. In iPhone gare ki, tun daga manhajar iOS 18.1 da ta fito a 2024 akwai maɓallin naɗa a cikin kiran, kuma da kin danna wayar da kanta take shelanta wa kowa cewa ana naɗa. Duk da haka ki faɗa da bakinki ki ji amsa.

Wasu za su ce a'a. Kamfanoni da yawa sun umarci ma'aikatansu su katse in kwastoma ya ce yana naɗa. Na taɓa gwadawa da wani kamfanin inshora, yaron da ya ɗauka muryarsa har rawa take, ya ce Hajiya, ko dai abin da ya yi kama da haka a bakinsu, in ba ki kashe ba dole in ajiye. Ba laifinsa ba ne, abincinsa yake karewa. Na ce masa na kashe, kuma na kashe da gaske. Ke ma haka za ki yi. Kada ki ce kin kashe ki bar shi yana tafiya, don wannan ya fi na farko muni: an ce miki a'a ƙarara kin ci gaba. Na ɗauko biro da bayan ambulan, na tambaye shi sunansa da lambar aikinsa, ya ba ni. Na tambayi lambar ƙorafin, ya karanto mini. Na duba agogo na rubuta. Wannan bayan ambulan ne ya fitar da ni bayan wata uku.

Nan ne nake so ki juyo da hankalinki, don a ganina kin ɗora wa muryar nan nauyin da bai kamace ta ba. Abin da kike buƙata ba muryar matar ba ne. Abin da matar ta gani a kwamfuta kike buƙata. Ta gaya miki alkawarin yana rubuce a bayanan asusunki, kuma kunnenki ya ji. Babu dokar da ta hana ki tuna abin da aka faɗa miki a waya, ko ki rubuta shi, ko ki ba da labarinsa. Ki zauna yau ki rubuta abin da kika tuna daga duka kiran shida, har da na farkon na Houston, kowanne da rana da lokaci. Ranakun suna cikin tarihin kiran wayarki ko takardar kamfanin layinki. Daga ƙwaƙwalwarki za ki rubuta, kada ki kunna naɗin ki kwafa.

Sannan ki bar kiran waya haka nan, kin yi mai isarki. Ki shiga shafinsu ki yi magana da su ta akwatin hira a rubuce, ki ce: a rana kaza ma'aikacinku ya ce ba za a ci ni tara ba saboda ba ku da layi a sabon adireshina, a rana kaza wata ma'aikaciyarku ta tabbatar mini yana cikin bayanan asusuna, ina so ku duba ku tabbatar mini a nan. Duk abin da suka rubuto ki ɗauki hotonsa, ki nemi a turo miki kwafin hirar ta imel. Ki kuma nemi su saurari nasu naɗin na kiran farko. Su da suka ce suna naɗa, to ga ranar amfaninsa ta zo. Ki nemo takardar yarjejeniyar da kuka sa wa hannu ki karanta sashen tashi daga gida, wani lokaci amsar tana can kwance. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani take umartar mu da rubuta bashi, bai kamata wani ya fi mu riƙon takarda ba, amma sai ki ga mun fi kowa yarda da "ai ya ce mini".

In sun yi miki kunnen uwar shegu, ki kai ƙorafi hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta shafinta na intanet. Kyauta ne, ba ya buƙatar lauya, kuma hukumar tana miƙa wa kamfanin, wanda dole ya amsa a rubuce cikin kwana 30. Irin wannan ƙorafi ba hannun masu ɗaukar waya yake faɗawa ba, wani ofishi ne na daban mai ikon goge bashi da danna maɓalli ɗaya. Ofishin Antoni Janar na Maryland ma yana da sashen kare masu saye da ke shiga tsakani. In kuma takarda ta zo miki daga masu karɓar bashi, kada ki jefa ta a kwandon shara don haushi: kina da kwana 30 ki rubuta musu cewa ba ki yarda da bashin ba, kuma dokar tarayya ta tilasta musu su dakata har sai sun kawo hujja. Wannan kwana 30 ki riƙe shi da kyau, don bashin da aka ƙyale yana iya ɓata miki sunan da za ki nemi haya ko rancen mota da shi gobe. Ƙaramar kotun Maryland tana sauraron ƙarar da ba ta wuce dala 5,000 ba, amma da wuya ki kai can.

Saura muryar da ke wayar maigida. Kada ki kunna wa kowa, kada ki ambace ta a wasiƙa ko ƙorafi, kada kuma ki yi barazana da ita ki ce ai ina da ku a naɗe. Ban ce ki goge ba, ban ce ki ajiye ba. Wannan tambaya ce ta minti goma ga lauyan Maryland, kuma abin da kika faɗa wa lauya sirri ne tsakaninku. Maryland Legal Aid suna taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi, in ba su ɗauki irin wannan ba za su nuna miki inda za ki je. Ki duba kuma ko wayar ba ta loda muryar da kanta zuwa wani ma'ajin intanet da yara ko dangi ke shiga ba.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma zan faɗa, don na san halinmu. Dokar nan ba ta san kamfani ba, ba ta san dangi ba. Kiran da kike yi da mai gidan haya, da malamar makarantar yara, da ƙanwar miji da kuke 'yar tsama, duk hukuncinsu ɗaya matuƙar daga Maryland kike. Saƙon murya da mutum ya bar miki da kansa daban ne, shi ya naɗi kansa ya aiko. Amma hirar da kika naɗa a ɓoye don ki kunna wa Hajiya ta ji abin da aka faɗa a kanki, wannan ita ce dai ta Linda Tripp, sai dai babu shugaban ƙasa a ciki. In tafiya ta kai ki Turai ma kada ki ɗauka an fi sauƙi: a Jamus ɗaurin yana kaiwa shekara 3, a Faransa shekara 1 da tarar yuro 45,000.

Ki gaishe da maƙwabciyar nan taki, ki kai mata ko da kwanon dambu ne. Yaya kuma ki gaya masa a hankali, ba da faɗa ba, cewa in ya kira ki daga Houston ya tabbata maɓallin nan nasa a kashe yake.